Yadda ake karanta ƙiyasin da burauza ke yi wa gudun intanet ɗinka

Duk wanda ya taɓa zama a kafe a Sakkwato lokacin rajistar JAMB ko biyan kuɗin makaranta ya san wannan gardamar. Shafi ya tsaya yana ta juyawa, mai shago ya ce sabis ne, ɗalibi ya ɗaga waya ya ce ga 4G nan, sanduna a cike. Alhali burauzar da ke gabansu, wato manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita, ta riga ta yi nata lissafin, ba a dai tambaye ta ba ne. Chrome na bayar da wannan ƙiyasi tun 2017, haka ma Edge da Opera da aka gina kan tushe ɗaya da ita. Firefox da Safari ba sa bayarwa, don haka kada ka wahalar da kanka a kansu.

Ka fara da haɗa kwamfutar da layin da kake son dubawa, ko wayfay na shago ko wanda ka raba daga wayarka. Sai ka buɗe shafuka biyu ko uku irin waɗanda ka saba shiga, ka bar su su gama buɗewa. Kada ka tsallake wannan. Burauza ba ta yin wani gwaji na musamman don sanin gudun layinka. Lura take yi da abin da ya wuce ta hannunta: tsawon lokacin da saƙo ya ɗauka kafin amsa ta dawo, da yawan kayan da suka sauko cikin daƙiƙa. Tana kuma fifita abin da ta gani yanzu a kan na ɗazu. In ba ka buɗe komai ba, ba ka ba ta sabon abin aunawa ba.

Daga nan ka danna Ctrl da Shift da J lokaci guda. Wani ɓangare zai buɗe a gefe ko a ƙasan allo, mai suna Console. Ka rubuta navigator.connection da hannunka, ka danna Enter, sannan ka taɓa ɗan kibiyar da ke gefen amsar don ta baje. Wannan rubutun ba ya canza komai a kwamfuta, karantawa kawai yake yi. Amma ina roƙonka, kada ka taɓa liƙa a wurin nan wani dogon rubutu da aka turo maka a WhatsApp wai zai ƙara maka data ko gudu. Ta wannan hanya ake sace asusun mutane.

Abin da za ka fara dubawa shi ne rtt, kuma a ganina shi ne mafi amfani ga mutumin Sakkwato. Lokaci ne da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo, ana ƙirga shi da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Na biyu shi ne downlink, yawan megabit da ke saukowa cikin daƙiƙa ɗaya. Ka ɗauki ɗan ga-ruwa: yawan jarkokin da kurarsa ke ɗauka shi ne downlink, tsawon lokacin da yake yi tsakanin famfo da ƙofar gidanka shi ne rtt. Shafin cike fom ba ya buƙatar kaya mai nauyi, aike yake yi sau da yawa, kowane aike kuma sai an jira amsarsa. Shi ya sa bidiyo kan yi ta tafiya lafiya lau a layin da fom ke jan ƙafa. Nisa ma na da nasa rabo. Yawancin igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku da ke zuwa Najeriya a Legas suke sauka, kuma shafuka da dama kwamfutocin da ke riƙe da su suna Turai ko Amurka, to saƙon da ya tashi daga Mabera ko Arkilla doguwar tafiya ce a gabansa.

Sai effectiveType, wanda ya fi ruɗa mutane. Amsa huɗu kawai yake bayarwa: slow-2g, 2g, 3g da 4g. Ba yana faɗa maka irin sabis ɗin da wayarka ta kama ba ne, yana faɗin wane aji ne halin layin ya yi kama da shi a wannan lokaci. A ƙa'idar da aka rubuta, in jinkiri, wato rtt, ya kai milisakan 2000 ya zama slow-2g, in ya kai 1400 ya zama 2g, in ya kai 270 ya zama 3g, ƙasa da haka kuma 4g ne. Saboda haka wayarka na iya nuna 4G a sama, burauza ta ce 3g, kuma babu mai ƙarya a cikinsu. Wayar na maganar alaƙarta da hasumiyar sabis, burauza na maganar abin da ya iso hannu. Wayfay mai kyau ma 4g za ta kira shi, haka 5G, don ba ta da ajin da ya wuce nan.

Kada ka riƙe lambobin kamar ma'aunin gwal. Da gangan ake dagula su kaɗan. A ƙa'ida ana kai rtt ga ninkin 25 mafi kusa, Chrome na ƙara ɗan sauyi sama ko ƙasa, sannan ba ta nuna downlink sama da 10 ko da layinka ya ninka haka. Dalili shi ne kowane shafi da ka shiga na iya karanta waɗannan lambobi, kuma in sun yi daidai ƙwarai za a iya haɗa su da wasu alamomi a gane kwamfutarka duk inda ta shiga. Wannan kariya ce, kuma na ga dacewarta.

In kana son awo na zahiri, buɗe fast.com na kamfanin Netflix ko Speedtest na Ookla. Su suna sauko da kaya ne na gaske su ƙirga, don haka suna cin data ba kaɗan ba, musamman a layi mai gudu. Mai ɗan ƙaramin kati ya yi sau ɗaya ya haƙura. Ka kuma tuna megabit 8 ne ke yin megabait 1: in gwaji ya nuna 8, fayil mai megabait 40 zai ci kusan daƙiƙa 40.

Yanzu sai hukunci. Ka duba da safe bayan asuba, ka sake dubawa bayan isha'i lokacin da kowa ya hau layi, ka gwada cikin ɗaki da tsakar gida. In rtt na hawa da dare kawai, cunkoso ne a unguwa, sai ka mayar da muhimmin aikinka safiya. In yana sauka da zarar ka fito waje, bango da rufin kwano ne, sai ka canza wa wayar mazauni. In kuwa burauza ta ce 4g, sauran shafuka na buɗewa, shafi ɗaya ne tak ya ƙi, to matsalar tana can wurin masu shafin. Kada ka sayi sabuwar data ko ka canza layi saboda shi.

Ga matasanmu masu gina wa makarantu da 'yan kasuwa shafuka, akwai saveData a cikin amsar nan. In ya nuna true, mai shigowa ya nemi a tattala masa data, sai ka aiko masa da ƙananan hotuna, ka hana bidiyo kunna kansa. Kafin ka miƙa aiki, shiga ɓangaren Network kusa da Console, ka canza No throttling zuwa 3G, ka sake buɗe shafin ka ga yadda zai zo wa ɗalibin da ke cike fom daga Illela ko Gwadabawa.