Darasi na 7: Zaɓen Bijimin Barbara da Igiyar Awo

Mahaucin da ke Zangon Tudun Wada nama yake saya, ba ya biyan kuɗin ƙaho. Duk da haka, idan makiyayi zai ware bijimin da zai hau shanunsa, sau da yawa tsayi da kyan ƙaho yake kallo. Bijimi irin Rahaji dogo ne mai cika ido, amma irin Bokoloji mai gajeren ƙaho kan fi shi tsoka. Shi ya sa masu binciken dabbobi, irin na Shika kusa da Zariya, suke awo.

Awo biyu za ka yi, da safe kafin dabba ta ci ko ta sha. Tsayar da ita a wuri mai daidai. Zagaya igiya a ƙirjinta, dab da bayan ƙafafun gaba, ta bayan tozo. Kada ka matse, kada kuma ka sassauta. Tef ɗin tela santimita 150 ne kawai, ba zai zagaye babban bijimi ba, saboda haka yi alama a jikin igiyar sannan ka auna ta da tef. Awo na biyu tsawon jiki ne, daga tsinin kafaɗa zuwa ƙashin da ke gefen gindin wutsiya.

Ga lissafin nauyi, duk awon a santimita: zagayen ƙirji sau zagayen ƙirji, sau tsawon jiki, a raba da 10,840. Bijimi mai ƙirji 160 da tsawo 130 zai kai kimanin kilo 307. Ƙiyasi ne, ba sikeli ba ne. Idan an yanka, aka cire kai da fata da ƙafafu da kayan ciki, wajen rabin nauyin ne zai rage.

Sa'anni kaɗai ake gwadawa da juna, kuma a lokaci guda, domin ramar bazara ba laifin iri ba ce. Saniya mai tsohon ciki ma a bar ta sai ta haihu. Maraƙin da ya fi sa'anninsa faɗin ƙirji da cikar cinya shi za a bari don barbara, sauran a dandaƙe su a turke. Kuma a sauya bijimi kafin 'ya'yansa mata su isa barbara.

Aiki: Auna maraƙa uku sa'annin juna. Rubuta sunan uwar kowanne, da ranar awo, da lambobin da ka samu. Bayan wata uku ka sake aunawa, ka kawo littafin aji.