Yadda ake killace karen gadi a kwanakin Sallah ba tare da ya ciji baƙo ko ya ji wa kansa ciwo ba

Duk shekara abu ɗaya nake gani. Mutum yana da kare, shekara guda cur yana sakinsa yana sintiri a tsakar gida yadda ya ga dama. Sai da safiyar Sallah, an riga an zuba babbar riga, yara na cikin mota ana shirin tafiya idi, sannan maigida zai tuna cewa yau gidan zai cika da mutane. Sai ya ja kare da sauri ya ɗaure shi da sarƙa a gindin darbejiyar da ke bakin get, ko ya tura shi sito ya ja ƙofa. Daga nan kuma sai haushi har la'asar. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya fara shirin karensa ranar Sallah ya makara da aƙalla mako uku.

Ba zan tsaya kan yadda ake kiwon kare ba, ko hukuncin ajiye shi, wannan na malamai ne. Ina magana da wanda ya riga yana da shi don gadi, kuma yana da dangi masu zuwa yawon Sallah.

Fara da allura, domin ita ce ba ta jira. Duba katin rigakafin ciwon haukan kare. Ana yi wa ɗan kwikwiyo ta farko idan ya kai wata uku, sannan a riƙa sabuntawa duk shekara. Idan karenka bai taɓa samu ba, ka sani allurar farko tana ɗaukar kusan mako huɗu kafin ta kama jiki sosai, don haka wadda aka yi ranar jajibere ba ta da amfani ga baƙon gobe. Je asibitin dabbobi na gwamnati, ya fi sauƙin kuɗi, kuma a nan Najeriya cibiyar binciken dabbobi ta Vom da ke Filato tana haɗa maganin wannan allura. Ka tabbata an ciro ta daga sanyi a gabanka, a kuma rubuta maka kwanan wata a kati. Masu yawo da allura a jaka cikin rana, ni dai ba na yarda su taɓa mini kare ko da kyauta ne.

Sai wurin da za a ajiye shi. Ka zaɓi lungun da ya fi nisa da ƙofar gida, inda ba zai ga masu shiga da fita ba. Abin da ya fi tunzura karen gadi shi ne ya ga baƙo yana ratsa gidansa shi kuma an hana shi isa wurin. Idan ji kawai yake yi, zai yi haushi ya gaji. Idan yana gani, kowane sabon mutum sabon tashin hankali ne. Shi ya sa ɗaure shi a bakin get ya fi komai muni: yana gani, yana fizga, sarƙa na shaƙe shi, ba shi da hanyar ja da baya, sannan ga yaro ya zo wucewa dab da shi da leda a hannu. Sarƙa ba killacewa ba ce. Ɗaki ake so mai ƙofa, wanda kare zai miƙe tsaye, ya juya, ya kwanta ya miƙe ƙafa. Ba sai ka kashe kuɗi wajen mai walda ba. Tsohon banɗakin waje da ba a amfani da shi, ko bayan kicin da aka tare da bulo da ragowar kwano, duk sun isa. Amma ka kula da zafi. A 'yan shekarun nan ƙaramar Sallah tana faɗowa cikin Maris da Afrilu, kuma ɗakin kwano marar taga da tsakar rana tanda ne. Kare ba ya fitar da zafi ta gumi kamar mu, da haki yake yi, don haka iska da inuwa dole ne. Ruwa kuma a zuba a abu mai nauyi, tsohuwar tukunyar ƙarfe ko turmin da ya tsage aka daina daka a ciki. Roba zai kifar cikin minti biyar.

Yanzu ga inda kowa ke faɗuwa, har da ni.

Shekarar farko da na samu karena Duna, na kulle shi a sito da safiyar babbar Sallah. Bai taɓa shiga ɗakin ba. Muka dawo idi muka tarar yana ta kuka yana kartar ƙofa, na ce zai gaji. Aka kayar da rago, ƙamshin jini ya cika gida, mahauta biyu da bai sani ba suna kai da kawo da wuƙaƙe, shi kuwa sai ƙara birkicewa yake. Wajen azahar ɗan ƙanwata, ɗan shekara shida, ya ji tausayinsa. Ya ɗauki tsokar nama ya je ya zare sakata. Duna ya fito kamar an harba kibiya, ya bangaje yaron, ya ratsa ta tsakiyar mata masu suya, saura ƙiris kaskon mai ya kife, ya fice ta get ɗin da aka bari a buɗe saboda masu kawo kason nama. Allah ya tsare bai ciji kowa ba. Sai bayan kwana biyu muka same shi a wani kango, farcensa ɗaya ya fita, ƙofar siton kuwa duk jini ta ciki. Yaron ya ce mini, "Kawu, ai yunwa yake ji." Laifin ba nasa ba ne, kuma ba na karen ba ne.

Abin da ya kamata na yi, wanda nake yi yanzu, shi ne na mayar da ɗakin nan wurin da kare ke so tun kafin ranar. Mako uku kafin Sallah ka daina ba shi abinci a ko'ina sai a cikin ɗakin. Kwana uku na farko kada ka taɓa ƙofar. Ajiye kwano can ciki, ka koma gefe, ya shiga ya ci ya fito abinsa. Idan ya tsaya a bakin ƙofa yana leƙe ya ƙi shiga, kada ka tura shi, kada ka ja shi da wuya. Matso da kwanon bakin ƙofa, gobe ka ƙara tura shi ciki kaɗan. Shimfiɗa masa buhun da ya saba kwanciya a kai, da warinsa da komai, kada uwargida ta wanke shi don Sallah ta zo.

Daga kwana na huɗu, idan ya sa kai a kwano ka rufe ƙofar, ka buɗe kafin ya gama ci. Washegari ka bar shi minti biyu bayan ya gama. Sai biyar, sai goma, sai rabin sa'a. Mutane suna ganin wannan wasa ne, sai su tsallake daga minti biyar zuwa wuni guda, aikin ya rushe. Doka ɗaya ce ba a karyawa: ba a buɗe ƙofa yana cikin haushi. Ka jira ya yi shiru ko na numfashi uku ne, sannan ka buɗe. Ranar da ka buɗe don ya dame ka, ka koya masa cewa haushi ne mabuɗi. Amma ka bambanta haushin naci da na firgita. Idan yana kartar ƙofa, yana dalalar da miyau, yana haki ba zafi ake ba, to ka yi gaggawa ne, koma lokacin da ya iya jurewa jiya ka sake hawowa a hankali. A mako na biyu ya kamata ya iya sa'a biyu zuwa uku a kwance. Ni ina kunna masa rediyo a bakin taga, ba da ƙarfi ba, muryar mutane masu hira tana rufe hayaniyar tsakar gida. Wasu na dariya. Su yi.

Mako na uku na gwaji ne. Yana ciki, ka sa yaron maƙwabta ya buga get ya yi sallama da ƙarfi, a amsa, ya shigo ya zauna ya fita. Zai yi haushi, aikinsa ne. Da ya yi shiru ka je ka jefa masa ɗan abin tauna ta taga. Maimaita sau biyu ko uku a rana. In babbar Sallah ce, rago ma a kawo shi da wuri a ɗaure nesa da ɗakin, don kada kukan rago da baƙi su haɗe masa rana ɗaya.

Ranar Sallah kanta aikin kaɗan ne. Bayan asuba ka fita da shi da igiya ya yi tafiya mai nisa, ya yi bayan gida, ya gaji. Ba shi abincinsa na kullum a ɗaki. Sannan ka sa kwaɗo. Kwaɗo na ce, ba sakata ba, ba ƙusa da aka lanƙwasa ba, kuma makulli a aljihunka ko na mutum ɗaya babba da karen ya sani. Duk bayan sa'a uku ko huɗu a rufe get, a shigar da yara ɗaki, a fito da shi da igiya ya zaga ya yi fitsari, a duba ruwa, a mayar da shi. Kada ka ba shi maganin barci na mutane don ya yi shiru, kuma kada ka ba shi farasitamol ko ibuprofen don ka ga yana ɗingishi. Magungunan nan suna iya lalata masa hanta da ƙoda. Idan karenka mai firgita ne sosai, likitan dabbobi ne zai rubuta abin da ya dace, shi ma tun kafin ranar.

Baƙi kuma a gaya musu gaskiya tun daga zaure. "Hajiya, sannu da zuwa, akwai kare a baya amma a kulle yake, a dai riƙe yara kada su zaga can." Shi ke nan. Kalmar da na fi tsana a bakin masu kare ita ce "ba ya cizo". Kai ne ba ya cizo. Bai san surukarka ba, bai san almajirin da ya shigo da kwano ba, kuma na lura karnuka da yawa ba sa son babbar riga mai ɗaukar iska ko dogon hijabi mai jan ƙasa, domin siffar mutum tana canza musu. Ban da haka, yawancin baƙinmu ba sa son kare ya shinshina musu kayan Sallah da za su yi salla da su, kuma suna da gaskiya. Idan wani matashi ya nace, "Yaya, fito da shi mu gani mana," ka ce sai wani zuwan. Karen gadi ba abin nuni ba ne.

In ta kama dole ya haɗu da wani, misali ɗan'uwa da zai kwana uku a gidan, a yi bayan taro ya watse, da igiya, a waje, mutumin ya tsaya a gefe kada ya zura masa ido kada ya miƙa hannu. Kai kuma kalli karen. Lasar leɓe, hamma ba barci ba, kau da kai, farin ido ya bayyana, jiki ya sandare: duk yana cewa a ba shi wuri. Kaɗa wutsiya ba kullum murna ba ce. Gurnani kuwa kada ka doke shi a kai. Gargaɗi ne, kuma karen da aka hana gurnani shi ne ke cizo ba sanarwa.

Abinci: nan mutanen kirki ke cutar da kare don tausayi. Ƙashin da aka dafa ko aka soya yana tsagewa ya soke hanji. Kitse da ragowar man suya suna jawo amai da zawo mai tsanani, wani lokaci har asibiti. Albasa da tafarnuwa suna lalata masa jini, kuma miyarmu babu wadda ba su. Cakulan ɗin yara, inabi da zabibi, da goro ma, duk a nisanta. Tsinken tsire da ledar da aka ƙulla nama ya kan haɗiye su gaba ɗaya. In kana son ya san ana Sallah, dafa masa tsoka zalla ba gishiri ba yaji, ɗan kaɗan a kan abincinsa. Kayan cikin da aka zubar da jinin yanka a binne su da zurfi kafin a sake shi da dare.

Idan kana Kano, Zariya ko Katsina kusa da hanyar hawa, ƙarar bindigogin 'yan bindiga ta isa ta sa kare ya haura katanga. Haka masu zama Jos ko kudancin Kaduna lokacin Kirsimeti da sabuwar shekara, da yara ke fasa abin wasan wuta. Kulle shi kafin a fara, ƙara rediyo, kada ka yi masa tsawa.

In kuwa tsautsayi ya faɗa ya ciji wani ko ya yage shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15 cif, a duba agogo, sannan asibiti a ranar, ko da ciwon ƙarami ne. Ban da toka, ban da barkono, ban da ɗaure wurin tamau. Ɗauki katin allurar ka tafi da shi. Kada a kashe karen cikin fushi, a killace shi kwana 10 likitan dabbobi yana dubawa. Ciwon haukan kare idan alamunsa suka bayyana a jikin mutum kusan ba a tashi, kuma hukumar lafiya ta duniya ta ce kusan kashi 40 cikin 100 na masu mutuwa da shi yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, wato daidai masu shigo maka barka da Sallah.

Da dare, kafin ka zare kwaɗo, zaga gidan da tocila. Leƙa banɗakin waje da bayan mota, ka tambayi matan gida ko akwai ɗan wani da barci ya kwashe a kan tabarma, ka gaya wa masu kwana cewa an saki kare, wanda zai fita alwala da asuba ya tashe ka tukuna.