Yadda mai kallo zai karanta salsalar doki a wajen nunin dawakan Larabawa

Duk wanda ya halarci nunin dawakan Larabawa, ko a Scottsdale ta jihar Arizona a Amurka inda ake taruwa kowane watan Fabrairu, ko a Aachen ta ƙasar Jamus, ko a Dubai, zai samu ɗan littafi da ke ɗauke da sunayen dawakan da za a fito da su. Kowane doki yana da lamba, wadda mai jansa yake maƙalawa a jikinsa, kuma a ƙarƙashin lambar akan rubuta sunansa, da ranar haihuwarsa, da launinsa, da wanda ya kiwata shi, da mai shi na yanzu, sannan sunayen iyaye da kakanni. Wanda ya saba da hawan sallah, inda ido yake tafiya ga sirdi da kwalliyar mahayi, zai ga abin daban ne a nan, domin a rukunin gasar da ake jan doki da hannu, dokin yana fitowa ba sirdi ba ado, sai siririn ragama a kansa, kuma jikinsa da asalinsa kawai ake magana a kai.

A fara da sanin tsarin rubutun. Sunan uba kullum yana sama, na uwa yana ƙasa, kuma haka ake bi a kowane reshe yayin da ake komawa baya. Idan aka bi layin da ya fi kowane sama, an bi uba da uban uba har iyakar takardar. Idan aka bi wanda ya fi kowane ƙasa, an bi goɗiyoyi daga uwa zuwa uwarta. Wannan layi na ƙasa shi ne Larabawan sahara suka fi daraja shi, domin ta wajen uwa suke danganta doki ga zuriyarsa, kamar Kuhailan, Saklawi, Ubayyan, Hamdani da Hadban. Masu kiwo da dama suna cewa kowace zuriya tana da siffarta, amma binciken ƙwayoyin halitta ya nuna cewa dawakan da ke ɗauke da sunan zuriya ɗaya ba lallai ne su fito daga goɗiya ɗaya ba. A ganina ya kamata mai kallo ya ɗauki sunan zuriya a matsayin tarihi mai daraja, kada ya sa ran zai gane ta daga ganin dokin a fili.

Sunayen kansu suna ba da labari. Ibn yana nufin ɗan wane, Bint kuma 'yar wance, abin da ba zai wahalar da Bahaushe ba. A takardun Amurka, alamar tauraro a gaban suna tana nuna cewa an shigo da dokin ne daga wata ƙasa, kamar *Bask, wanda aka haifa a Poland a 1956 aka kai shi Amurka a 1963. A manyan bargogin gwamnatin Poland, irin su Janów Podlaski da aka kafa a 1817, al'ada ce a raɗa wa dukushi suna da harafin farko na sunan uwarsa, shi ya sa Bask da 'yar'uwarsa Bandola, 'ya'yan Balalajka, duk suka fara da harafi ɗaya. Wasu kuma suna ɗauke da sunan bargar da aka haife su, kamar dawakan Al Shaqab ta ƙasar Katar.

Daga nan sai a nemi gane tushen jinin. Idan sunan Nazeer, ingarman da aka haifa a Masar a 1934, yana ta maimaituwa, to jinin Masar ne ya rinjaya. Idan an ga Mesaoud ko Skowronek, an taɓo bargar Crabbet ta Ingila, wadda Wilfrid Blunt da matarsa Anne suka kafa a 1878. Aswan kuma ɗan Nazeer ne da Masar ta ba Tarayyar Sobiyet kyauta, ya yi zamansa a bargar Tersk, don haka ganinsa alama ce ta jinin Rasha wanda asalinsa na Masar ne. Mafi yawan zakarun yau gauraye ne. Misali Marwan Al Shaqab, wanda aka haifa a 2000, ubansa Gazal Al Shaqab ɗan ingarman jinin Masar ne da goɗiyar Poland mai suna Kajora, uwarsa kuwa, Little Liza Fame, kiwon Amurka ce.

A nan ne ake yawan ruɗar sabon mai kallo, don zai ji ana ambaton shahararren suna sai ya ɗauka dokin da ke gabansa kwafin wancan ne. Lissafin ba haka yake ba. Uba da uwa kowanne yana ba da rabi, kowane kaka yana ba da kimanin kashi 25 cikin 100, na gaba da su kimanin 12.5, na huɗu kuwa bai wuce 6.25 ba. Salsala mai hawa huɗu tana da sunaye 30, saboda haka suna ɗaya a can ƙarshen takarda ba shi da nauyi sosai, sai fa idan ya fito sau biyu ko uku, ta wajen uba da ta wajen uwa, wanda ke nuna mai kiwon ya yi hakan da gangan don ya kafe wata siffa.

Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce a kalli dokin tukuna kafin a buɗe littafin. A duba kansa da wuyansa, da shimfiɗar bayansa, da tsayuwar ƙafafunsa, da yadda yake ɗaga wutsiya idan yana sassarfa, a yi wa lambarsa alama, sannan a duba iyayensa. Alƙalan nunin da ke bin dokokin ƙungiyar ECAHO ta Turai ma ba a yarda su duba littafin ba, maki suke bayarwa a kan kamannin jinsi, kai da wuya, jiki, ƙafafu da tafiya. Bayan an ga rukuni uku ko huɗu, sai a tattara dawakan da suka haɗa uba, a ga abin da ya maimaitu a jikinsu da abin da ya sha bamban, domin bambancin sau da yawa daga goɗiyoyin yake. Launi ma yana taimakawa wajen koyo, tunda kili ba ya samuwa sai ɗaya daga iyayensa kili ne, kuma da duhu ake haifarsa, yana girma yana fari.

Akwai abubuwan da littafin nuni ba ya faɗa, musamman ga mai tunanin saye ko kai goɗiyarsa barbara. Ba ya nuna halin doki, kuma ba kasafai yake nuna ko yana ɗauke da cututtukan gado irin su SCID, wadda ke hana dukushi garkuwar jiki, ko CA, wadda ke taɓa ƙwaƙwalwa ta hana shi daidaita tafiya. Waɗannan sai an nemi sakamakon gwaji daga mai dokin, tare da takardar rajista daga hukumar ƙasar da ƙungiyar dawakan Larabawa ta duniya, WAHO, wadda aka kafa a 1970, ta amince da ita, inda ake tabbatar da iyaye ta gwajin DNA. Lokacin da ya dace a yi irin wannan tambaya shi ne bayan an kammala rukunin dokin an mayar da shi barga.