Yadda ake gasa talo-talo mai cushe a oben

Tun da Kirsimeti ta matso tambaya ɗaya ake ta turo mini: yaya ake gasa talo-talo mai cushe? To ga amsa. Lissafin na talo-talo mai kilo 5 ne.

1. In daskararre ne, ki sa shi a firij ya saki. Kowane kilo 2 yana cin kwana ɗaya, ke nan kwana uku.
2. Ciro hanta da ƙundu da wuya daga cikinsa.
3. Tsane shi da tsumma mai tsabta har fatar ta bushe.
4. Kwaɓa bota da gishiri, tafarnuwa, citta da masoro.
5. Shafe shi ciki da waje, har ƙarƙashin fatar ƙirji. Nan ne yake saurin bushewa.
6. Soya albasa da hantar har su nuna, ki juye busasshen burodi da ɗan romo. Wannan shi ne cushen.
7. Zuba cushen a cikinsa sako-sako.

Hattara: kada ki danna shi, kuma kada ki cusa tun dare. Sai za a shiga oben. Cushen da ya kwana a cikin ɗanyen nama yana ɓata ciki.

8. Ɗaure ƙafafun da zare.
9. Rufe ƙirjin da takardar alminiyum.
10. Gasa a zafi 165°C, awa uku da rabi zuwa huɗu.
11. Saura minti 45, ki yaye takardar ya yi ja.
12. Soka ma'aunin zafi a cinya da tsakiyar cushen. Sai ya kai 74°C. Jan fata yana yaudara, ni kaina na taɓa kai wa baƙi mai jini a gaɓa.
13. Bar shi ya huta minti 30 kafin ki yanka.