Kurakuran da ke ɓata fuska da gashi a zanen alƙalami da tawada

Tawada ba ta goguwa. Layin da ka ja ya zauna ke nan, kuma farin takarda shi kaɗai ne haskenka. Yawancin ɓarnar masu koyo daga manta wannan take tasowa.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne zana gashi sili-sili. Mutum ya ɗauki alƙalami mai lamba 0.5, wato lambar kaurin bakinsa, ya hau jan layi daga goshi har ƙeya, kauri ɗaya, tsawo ɗaya, har ya cike kan, sai ka ga kamar tsintsiya aka kifa wa mutum. Haba! Wa ya taɓa kallon mutum ya ƙirga gashinsa? Curi-curi ido yake gani. Fara raba kan da fensir gida huɗu ko biyar, gwargwadon kwanciyar gashin. A kowane curi, ja layi daga tushe, ka ɗaga hannu kafin ka kai tsakiya domin ya ƙare da tsini, sannan ka jawo wasu daga ƙarshen gashin su nufo sama. Tsakiyar ka bar ta fara fat, nan sheƙin yake. Baƙi ƙirin sai a tsaga, da bayan kunne, da inda wani curi ya shige ƙarƙashin wani. Nannaɗaɗɗen gashi kuwa da ƙananan zagaye masu hawa kan juna ake yin sa, a cunkusa su ta wajen inuwa, a sassauta ta wajen haske.

A fuska, laifin shi ne fara inuwa ba ka san ta ina haske ke zuwa ba. Ni ƴar kibiya nake sawa da fensir a gefen takarda. In daga sama ta hagu ne, inuwa tana ƙarƙashin gira, gefen dama na hanci da ƙasansa, ƙarƙashin leɓen ƙasa, da wuya ƙarƙashin haɓa. Leɓen sama ya fi na ƙasa duhu. Yi inuwar da siririn alƙalami mai lamba 0.1 ko 0.05, layukan su lanƙwasa su bi tudun kumatu, don miƙaƙƙu baje fuska suke yi. Gicciya layi sau biyu ya isa, a karkace. Hawa na uku a wuya kawai. Ko fata baƙa ce, bar haske a goshi, karan hanci da kunci.

Kuma don Allah ka daina kambama layin nan da ya sauko daga gefen hanci zuwa baki. Da shi ake mayar da yarinya tsohuwa. Ɗigo kaɗan ya wadatar.

Haƙora kada ka kewaye su ɗaya-ɗaya, ɗan taɓa wajen dasashi kawai. Fensir kuma ba a goge shi sai tawada ta bushe sarai, in ba haka ba ta dame fuskar.