Kurakuran da ke cinye ƙaramin lambu marar sinadari, da yadda ake gyara su

Yawancin masu daina takin zamani da maganin feshi na kanti, wurin taki suke fara tuntuɓe. Sai mutum ya kwaso ɗanyen kashin kaji ko na shanu ya zuba a gindin tumatir, bayan kwana biyu ganye ya ƙone. Ɗanyen kashi, musamman na kaji, ƙarfinsa ya fi ƙarfin saiwar ƙaramin tsiro. Yana kuma ɗauke da irin ciyawa da ƙwayoyin cuta irin su salmonela, waɗanda ke iya maƙalewa a latas da karas da ake ci ɗanye. Shi ya sa ƙa'idar noma marar sinadari a Amurka ta ce a bar kwana 120 tsakanin zuba ɗanyen kashi da girbin abin da ke taɓa ƙasa, kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa. Abin da ya fi shi ne a ruɓar da shi tukuna.

Ruɓarwar ma tana da nata kuskuren. Wasu suna tara shara wuri guda su tafi, su dawo su tarar da ita yadda suka bar ta, ko kuma tana ɗoyi. Tarin taki yana bukatar busasshe da ɗanye a haɗe: kamar kashi biyu zuwa uku na busasshen ganye da kara da aka daddatse, kashi ɗaya na ɗanyen ganye da kashin dabbobi. Ka damƙi kaɗan ka matse. In ruwa ya tsiyaya ya yi yawa, ƙara busasshe ka juya shi ya sha iska. In ya wargaje a hannunka, yayyafa ruwa. Cikinsa ya kamata ya yi zafi har digiri 55 na ma'aunin salshiyos ko fiye, don zafin ne ke kashe cuta da irin ciyawa. Ya nuna idan ya yi baƙi, ya huce, ƙamshinsa ya koma na ƙasa.

Toka kuwa a yi hattara da ita. Tana da amfani, amma in ta yi yawa takan sauya ɗanɗanon ƙasa har shuka ta kasa zuƙar abincin da ke nan a gabanta. Barbaɗawa ake yi, ba zubawa ba.

Kuskuren da ya fi ba ni takaici shi ne na sauya shuka, domin mai lambu yana ganin ya yi daidai. Ya cire tumatir ya sa tattasai, ya cire tattasai ya sa yalo, ya ce ai ya sauya. Duk dangi ɗaya ne, har da dankalin turawa, kuma cutar da ke kwance a ƙasa ba ta bambanta su. Tumɓuke tsohon tumatir ka duba saiwarsa. In ka ga ƙulle-ƙulle a jikinta, aikin wasu ƙananan tsutsotsi ne da ido ba ya gani. Ka raba lambun gida uku ko huɗu, kada dangi ɗaya ya koma fangalinsa sai bayan shekara uku. A tsakani sa albasa, kabeji, masara, da wake mai ƙara wa ƙasa ƙarfi.

Ban ruwa kaɗan-kaɗan kullum yana sa saiwa ta tsaya a sama, rana ɗaya aka yi fashi shuka ta yi yaushi. Ƙosar da ƙasar sosai, sannan ka jira. Tura yatsa ka ji, in akwai danshi a ƙasa to ba yau ba. Baƙin tabon da ke fitowa a gindin 'ya'yan tumatir galibi daga nan yake, yau ƙishi gobe ambaliya. Zuba ruwan a gindi da safe, kada a kan ganye da yamma. Shimfiɗa busasshiyar ciyawa mai kaurin santimita 5 zuwa 8 don riƙe danshi, amma kada ta taɓa karan shukar.

Faɗin fangali kada ya wuce mita ɗaya da 'yan kai, yadda hannu zai kai tsakiya ba tare da an taka ba. Ƙasar da ake takawa dunƙulewa take yi.

Sai ruwan darbejiya. Mutane kan fesa shi da tsakar rana, washegari su ga ƙwaro na motsi su ce bai yi ba. Ba nan take yake kisa ba, hana ƙwaro ci da girma yake yi, kuma hasken rana na rage masa ƙarfi. Daka ƙwayar 'ya'yan, giram 30 zuwa 50 a kowace lita ta ruwa, jiƙa ta kwana, tace, sa ɗan sabulu don ya kama ganye. Fesa da yamma bayan ƙudan zuma sun tafi, ka bi bayan ganye inda darɓa, wato ƙananan ƙwari masu tsotsar ruwan ganye, ke taruwa, ka maimaita bayan mako guda. Wuƙa ko almakashin da ya taɓa shuka mai cuta, a wanke shi da sabulu kafin ya taɓa ta kusa da ita.