Darasi na Tara: Saran Maciji da Abin Yi Kafin a Kai Asibiti

A jihar Kaduna saran maciji ya fi yawa a lokuta biyu: farkon damina, wajen Mayu da Yuni, sa'ad da ake sharar gona da noman farko, sai kuma kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, sa'ad da ake yankan dawa, karyar masara da tattara kara. Manoman Igabi, Giwa, Lere, Kajuru da Kachiya sun san wannan, haka ma makiyaya. Mazauna birni ba su tsira ba. Idan Kogin Kaduna ya yi ambaliya, ruwa kan cika ramuka, macizai su hauro gidajen da ke bakin kogi.

Macizai uku da ya kamata ku gane

Kububuwa ce ta fi kashe mutane a wannan yanki. Ƙarama ce, yawanci ba ta wuce kamu ɗaya ba, wato kusan rabin mita. Launinta na ƙasa ne da ɗige-ɗigen fari, shi ya sa ba a ganinta cikin busasshen ganye. In ta ji motsi takan naɗe jiki tana goga ɓawonta, sai a ji ƙara kamar an zuba ruwa a kasko mai zafi.

Wasu na kiranta gobe-da-nisa, amma wannan suna yana ruɗar mutane. Dafinta ba ya kayar da mutum nan take. Abin da yake yi shi ne hana jini daskarewa. Mutum zai koma gida da ƙafarsa, ya ci tuwo, ya yi hira, kowa ya ce ai da sauƙi. Bayan wasu awoyi, ko washegari, sai dasashinsa ya fara jini, ya yi haɓo, tsohon miki ya ɓalle, jini ya fito a fitsari ko a tofi. Wani jinin a ciki yake zuba, cikin ciki ko cikin kai, ba mai ganinsa. Ana iya kwana uku ko fiye kafin rai ya yi halinsa, kuma duk waɗannan kwanakin dama ce ta ceto da aka bari ta wuce. Mace mai ciki tana cikin haɗarin ɓari da zubar jini mai yawa.

Kasa kuwa kakkaura ce, mai faɗin kai. Ba ta gudu. Takan kwanta a kan turba, mutum ya taka ta. Saranta yana kawo kumburi mai tsanani da ruɓewar nama.

Kumurci, wanda wasu ke kira gamsheƙa, baƙi ne dogo, yana fasa kai, yana tofa dafi a ido daga nisan mita biyu. Yakan shigo gida da dare neman ɓera, kwaɗo ko ƙwan kaji, ya sari mai barci a ƙasa. Akwai danginsa da dafinsu ke kashe jijiyoyi: fatar ido ta sauko, magana ta shaƙe, numfashi ya yi wuya.

Idan an sari mutum

A janye shi daga wurin, a zaunar da shi, a kwantar masa da hankali. Gudu da tafiya suna hanzarta yaɗuwar dafi, don haka ɗaukarsa za a yi. A cire zobe, agogo, awarwaro da takalmi tun kumburi bai kama ba. A duba agogo a riƙe lokacin da abin ya faru, domin ma'aikacin lafiya zai tambaya.

A samo sanda ko kara mai ƙarfi a shimfiɗa a jikin ƙafar ko hannun, a naɗe da zane kamar yadda ake wa karaya ɗori. Manufar ita ce a hana gaɓar motsi kawai. Yatsa ya iya shiga ƙarƙashin ɗaurin. Daga nan sai asibiti, da mota ko keke napep. In babur kaɗai ake da shi, wani ya zauna a baya ya riƙe shi. In yana amai, a kwantar da shi ta gefe don kada ya shaƙe.

Kada a tsaya neman macijin. In ya samu a ɗauki hotonsa da waya daga nesa, to. In bai samu ba, alamun jikin mutum sun isa a san maganin da za a ba shi. Ko an kashe maciji kada a taɓa kansa da hannu, yana iya sara.

In tofi ne a ido, a wanke da ruwa mai yawa na minti 15 zuwa 20, ana buɗe idon da yatsu. Ruwan buta ko na leda duk ya yi. Ba a murzawa, ba a ɗiga ruwan ganye. Bayan wankin a je a duba idon.

Abubuwan da ke ƙara ɓarna

Ɗaure ƙafa tamau da igiya ko robar taya yana tsayar da jini, nama ya mutu, har a kai ga yanke ƙafar. Tsaga da reza ko yin ƙaho ga wanda kububuwa ta sara buɗe wa jini ƙofa ne, ga shi kuma ba zai tsaya ba. Tsotsa da baki ba ta fitar da dafi, baƙin dutse ma haka. Ɗura wa mutum manja ko jiƙo don ya yi amai yana iya shaƙe shi. Kada a ba shi asfirin, ibuprofen ko diclofenac, suna ƙara zubar jini. Farasitamol kaɗai za a bayar in zafi ya yi yawa.

Za ku ce kun ga wanda aka yi wa na gida ya warke. Gaskiya ne, kuma ga dalili: macizai da yawa ba su da dafi, mai dafin ma wani lokaci yakan sara bai zuba ba. Irin wannan mutum ko ba a yi masa komai ba zai tashi. Matsalar ita ce ba a iya bambance shi da wanda dafi ya shiga ta hanyar kallo a tsakar gida.

Abin da za a yi a asibiti

Gwajin farko mai sauƙi ne. Ana ɗibar jini kamar mililita 2, ƙasa da rabin ƙaramin cokali, a zuba a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, a bar shi minti 20 ba a girgiza ba. Sai a karkata kwalbar. In jinin ya daskare, za a ci gaba da sa ido ana maimaita gwajin. In ya gudana kamar ruwa, dafi ya shiga, sai a ba da allurar kashe dafi ta jijiya, a sake gwaji bayan awa 6. Alluran kashe dafi irinsu EchiTAb an yi su ne musamman don macizan Nijeriya. Yaro da babba adadi ɗaya ake ba su, tunda maciji bai rage wa yaro dafi ba. Allurar kan tayar wa wasu da ƙaiƙayi ko shaƙewa, shi ya sa ba a yinta a gida ko a kemis. Ko mutum yana jin garau, a bar shi ya cika awa 24 a hannun ma'aikata.

Kariya

Takalmin roba mai tsawo zuwa gwiwa ya fi komai amfani, domin yawancin sara a ƙafa ne. Kuɗinsa bai kai na kwalbar allura ɗaya ba. A riƙe tocila in za a fita da dare, ko da zuwa bayan gida ne. Kafin a ɗaga damin dawa ko tarin kara, a tura shi da sanda. A hana yara zura hannu a ramin gafiya ko suri. A nisanta itacen girki, akurki da rumbu daga ɗakin kwana, a toshe ramukan ɓera. A kwana kan gado cikin gidan sauro, a cusa gefensa ƙarƙashin katifa ko tabarma.

Aikin aji

Ku kasu biyu-biyu, kowa ya gwada ɗaura wa ɗan'uwansa sanda a ƙafa. Kafin darasi na gaba, a wakilta mutum ɗaya ya je asibitin da ya fi kusa ya tambaya ko suna ajiye allurar kashe dafi, in ba su da ita ina suke tura mutane. Ku rubuta sunan wurin a littafinku, tare da lambar mai mota ɗaya da zai amsa waya da dare.